Saƙo yana shigowa amma ba ya fita: yadda ake saita manhajar imel

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman taimakon masana. Ofis ne mai kwamfuta uku da waya biyu, ana so a riƙa buɗe adireshin imel biyu a dukkansu, ɗaya na Gmail, ɗaya na kamfani mai ƙarewa da .com.ng. Kwamfuta biyu Thunderbird aka sa musu, ta uku tsohuwar Outlook 2013 ce a kanta. Na kamfanin saƙo yana shigowa lafiya lau, amma in an tura sai ya maƙale a "Outbox". Na Gmail kuwa a Outlook ɗin ko kalmar sirri ba ya karɓa, alhali da ita ake shiga ta burauza. Sannan IMAP za a zaɓa ko POP?

Injiniya Na Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. A fara raba matsalar gida biyu, domin shigowar saƙo da fitarsa ba hanya ɗaya suke bi ba. Manhajar imel da saba biyu take magana, wato kwamfutocin da ke kan intanet masu kula da saƙo. Ta farko ita ke riƙe da akwatinki, ana ɗauko saƙo daga wurinta ta IMAP ko POP. Ta biyu ita ke karɓar abin da kika rubuta ta kai wa mai shi, wannan ita ce SMTP. Kowacce da sunanta, da lambar ƙofarta, da irin tsaron da take so, kuma kowacce sai an nuna mata suna da kalmar sirri daban. Tunda saƙo yana shigowa, ɓangaren farko ba shi da laifi, kada a taɓa shi.

Lambobin ƙofa ba su da yawa. IMAP 993 ce, POP 995, dukkansu da tsaron ɓoye zance da ake kira SSL/TLS. SMTP kuma ko dai 465 da SSL/TLS, ko 587 da STARTTLS. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne haɗa lambar wannan da tsaron wancan, a sa 465 a zaɓi STARTTLS, ko 587 a zaɓi SSL/TLS. A 465 ɓoye zance yana farawa tun daga sallama, a 587 kuwa sai an gaisa a fili sannan a koma ɓoye. In aka sa STARTTLS a 465, manhaja tana jiran saba ta fara magana, saba tana jiran manhaja, har lokaci ya ƙare ya ce ya kasa haɗuwa.

In kika ga 25 a wurin SMTP, canza ta. Ƙofa ce ta tsakanin saba da saba, kuma kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙon banza.

Baban Sadik:
Ƙari a kan na Injiniya, a tsohuwar Outlook akwai wani ɗan akwati da ba ta cika sa wa alama da kanta ba idan da hannu aka saita. A shiga "Account Settings", a danna adireshin sau biyu, sai "More Settings", sai shafin "Outgoing Server". A sa alama a "My outgoing server (SMTP) requires authentication", a bar zaɓin da ke cewa a yi amfani da saitin sabar shigowa. In babu wannan alamar, Outlook tana miƙa saƙo ba tare da ta faɗi ko ita wace ce ba, saba kuma ta mayar da amsa mai lamba 550 tana cewa "Relaying denied" ko makamancin haka. A Thunderbird kuma wurin yana can ƙasan jerin "Account Settings", an rubuta "Outgoing Server (SMTP)".

Wurin suna kuma a rubuta adireshin gaba ɗayansa har da @ da abin da ke bayansa. Sabar haya mai cPanel, wato shafin da ake sarrafa imel ɗin kamfani a kai, tana ɗauke da kamfanoni da yawa, in kika rubuta "info" kaɗai ba ta san info ɗin wa ake nufi ba.

Maman Ihsan:
Na duba. A Thunderbird ƙofar 587 ce da STARTTLS, sunan ma cikakke ne. Amma amsar da take bayarwa tana ɗauke da 535.

Ɗan Farm Centre:
To Hajiya 535 ba matsalar ƙofa ba ce, an isa wurin saba, ita ce ta ƙi suna ko kalmar sirrin. Kuma tunda adireshi biyu ne a manhaja ɗaya, ina zargin abu guda: Thunderbird tana ajiye sabobin turawa a jeri ɗaya, kowane adireshi kuma sai an nuna masa tasa. Sau da yawa adireshi na biyu yana hawa kan sabar na farko. Danna sunan adireshin kamfanin a hagu cikin "Account Settings", duba can ƙasa inda aka rubuta "Outgoing Server (SMTP)", ki tabbata sabar kamfanin ce a wurin ba "Use Default Server" ba.

In wannan daidai ne, to tsohuwar kalmar sirri ce ta maƙale. Thunderbird tana ajiye ta shigowa daban, ta fita daban. Wani ya canza kalmar sirri, ya sabunta ta shigowa, ta fita tana nan yadda take. A "Settings", "Privacy & Security", "Saved Passwords", za ki ga layi mai farawa da imap:// da mai farawa da smtp://. Goge na smtp ɗin, rufe manhajar ki sake buɗewa, ki tura saƙo, za ta tambaye ki sabuwa.

Kuma kada a yi ta gwada kalmar da ba daidai ba. Sabobin haya da yawa suna toshe adireshin intanet ɗin da ya yi kuskure sau da dama a jere, daga nan ofishin gaba ɗaya ya daina ganin imel, wani lokacin har shafin kamfanin ba zai buɗe ba. Alamarsa ita ce in kika koma datar waya komai ya yi aiki, in kika dawo kan wayifai ɗin ofis ya ƙi. Wannan sai masu sabar sun cire toshiyar.

Injiniya Na Zariya:
Batun Gmail a Outlook 2013 kuma, kalmar sirrinki ba ta da laifi. Tun ranar 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga akwatin mutane da suna da kalmar sirri zalla. Yanzu hanya biyu ce. Ta farko OAuth2, inda manhajar ke buɗe shafin Google ɗin kansa, ki shiga a can, Google ya ba ta izini ba tare da ta ga kalmar sirrinki ba. Thunderbird ta iya wannan, a wurin "Authentication method" sai a zaɓi OAuth2, a ɓangaren shigowa da na fita duka. Outlook 2010 da 2013 ba su san shi ba.

Ta biyu ita ce kalmar sirrin manhaja. Sai an fara kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun Google, sannan a je myaccount.google.com/apppasswords, a rubuta wani suna kamar "Outlook ta ofis", Google zai ba da haruffa 16. Su za a sa a Outlook a madadin kalmar sirri. Sau ɗaya ake nuna su, in an rufe shafin sai dai a yi sabuwa. Kuma duk ranar da aka canza babbar kalmar sirrin Google, waɗannan duk sun mutu, sai an sake.

Saitin shi ne imap.gmail.com a 993 da SSL, smtp.gmail.com a 465 da SSL ko 587 da STARTTLS. A tsohuwar Outlook ba za ki ga kalmar STARTTLS ba, "TLS" aka rubuta, ita ce ta 587.

Abu Hanif:
A da sai an shiga saitin Gmail an kunna IMAP. Daga Janairu 2025 sun cire wannan maɓallin, a kunne yake kullum, kada a ɓata lokaci nemansa. POP ne har yanzu sai an kunna.

Masu Hotmail da Outlook.com ma su sani, Microsoft ya rufe shiga da kalmar sirri zalla a Satumba 2024. Nasu outlook.office365.com ne a 993, smtp-mail.outlook.com a 587, kuma OAuth2 dole. Yahoo imap.mail.yahoo.com da smtp.mail.yahoo.com, shi ma ko OAuth2 ko kalmar sirrin manhaja.

Alhaji Mai Shago:
Ni kam a batun IMAP da POP ban yarda da yadda yaran yanzu ke watsar da POP ba. Akwatin kamfani da ake haya sau da yawa ƙarami ne, wani giga 1, wani ma bai kai ba. Da IMAP komai yana zaune a saba, rasit da hotuna da takardun da aka ɗauka da na'ura, wata shida akwati ya cika, masu turo muku saƙo su riƙa samun amsar cewa akwati ya cika ku ba ku sani ba. POP yana kwaso saƙo ya sauke a kwamfuta ya share daga saba, akwati kullum da fili. Ga kuma matsalar sabis. Abin da POP ya sauke naka ne, ko babu intanet za ka karanta.

Injiniya Na Zariya:
Ranka ya daɗe, maganar cikar akwati gaskiya ce, amma a ofishin da Hajiya ta kwatanta POP zai kawo rigima. Na'ura biyar ne ke kallon akwati ɗaya. POP bai san komai ba sai akwatin shigowa. Ba ya ganin folda, ba ya ganin abin da aka tura, ba ya gaya wa sauran na'urori cewa an karanta wannan ko an amsa wancan. Sakatariya ta amsa wa abokin ciniki daga kwamfuta ta ɗaya, amsar tana cikin wannan kwamfutar kaɗai, mai kwamfuta ta biyu ya ga saƙon kamar sabo ya sake amsawa, wataƙila da wani farashi daban. In kuma ɗaya daga cikinsu an saita ta ta share bayan saukewa, duk wadda ta riga buɗewa da safe ita ta kwashe, sauran su ga wayam.

Karatu babu intanet kuma IMAP ma yana yi. A Thunderbird, ƙarƙashin "Synchronization & Storage", in an sa alama a "Keep messages in all folders for this account on this computer", kwafin komai yana kan kwamfuta.

Alhaji Mai Shago:
Ai akwai "Leave messages on server". A sa kwana 14, kowace na'ura ta samu rabonta kafin a share.

Baban Sadik:
Wannan yana magance kwashewa Alhaji, amma bai magance saƙon da aka tura ba, kuma kwamfutar da ta yi sati uku a kashe ta rasa na kwanakin farko har abada. Akwai kuma babban haɗarin: da POP kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, yana kan faifan kwamfutar. A Outlook fayil ne mai ƙarewa da .pst. Wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙona faifai, ko a kai gyara a sake sa Windows ba a kwafe shi ba, wasiƙun shekara biyar sun tafi.

Abin da na fi gani daidai shi ne a haɗa amfanin biyun. Duk na'urori su hau IMAP. Kwamfuta ɗaya a ware ta a matsayin rumbu. Duk wata uku a buɗe Thunderbird a kanta, a zaɓi saƙonnin da suka wuce shekara, a ja su zuwa "Local Folders". Wannan yana cire su daga saba ya ajiye a kwamfutar. A fara da kwafa, a buɗe 'yan kaɗan a tabbata abin da aka liƙa musu ya zo, sannan a goge na sabar, musamman inda sabis ke yankewa. Bayan haka a kwafe foldar Thunderbird gaba ɗaya zuwa faifan waje. A Windows tana %APPDATA%\Thunderbird, kuma a rufe manhajar kafin a kwafa.

Alhaji Mai Shago:
Wannan na yarda da shi, in dai akwai wanda zai riƙa yi. Amma ga mai kwamfuta ɗaya da ƙaramin akwati har yanzu POP nake ba shi shawara.

Anti Ta Maraɗi:
Akwai abin da ba a faɗa wa Hajiya ba game da IMAP, kuma ya kamata ma'aikatan ofishin su ji shi tun ranar farko. Abin da ka goge a waya ya gogu a ko'ina. Mutane suna ɗauka suna share wayarsu ne don samun fili, ashe akwatin ofis suke sharewa. A Gmail abin da ya shiga kwandon shara kwana 30 yake yi ya ɓace. Don haka IMAP ba ajiya ba ne, madubin sabar ne kawai.

Sai batun data. Ranar da aka fara haɗa tsohon akwatin Gmail da Thunderbird za ta nemi sauke komai tun daga saƙon farko. In akwatin giga 8 ne, giga 8 za ta ja, a kowace kwamfuta. Kafin ta yi nisa a shiga "Synchronization & Storage" a zaɓi ta sauke na kwana 30 ko 90 na baya-bayan nan kawai, a kuma sa iyaka a "Don't download messages larger than", misali KB 500, manya sai an danna su za su sauko.

Abu Hanif:
Anti ta taɓo wuri mai muhimmanci, kuma Gmail yana da nasa ƙarin. Shi ba folda yake da ita ba, laƙabi yake manna wa saƙo, IMAP kuma yana nuna kowane laƙabi kamar folda. Saƙo ɗaya mai laƙabi biyu zai bayyana a wuri biyu, ga kuma "All Mail" da ke ɗauke da kowane saƙo. Ka ga ana iya sauke abu ɗaya sau biyu ko uku. A shiga Gmail ta burauza, saiti, shafin "Labels", a cire alamar "Show in IMAP" a gaban "All Mail" da "Important".

Haka kuma sabar turawa ta Gmail da kanta take ajiye kwafin duk abin da aka tura. In aka ga saƙon da aka tura yana fitowa biyu-biyu, a je "Copies & Folders" a cire alamar "Place a copy in" na adireshin Gmail ɗin kaɗai. Na kamfanin kada a cire, domin sabar cPanel ba ta ajiyewa da kanta, kuma a tabbata foldar "Sent" ta kan saba aka nuna masa, ba ta "Local Folders" ba, in ba haka ba sauran na'urori ba za su ga amsoshin ba.

Gmail kuma haɗi 15 yake bari a lokaci guda ga akwati ɗaya, Thunderbird ɗaya tana iya riƙe 5. Kwamfuta uku da waya biyu sun isa su ƙure shi, sai a fara ganin "Too many simultaneous connections". A "Server Settings", "Advanced", a rage adadin zuwa 2 a kowace kwamfuta.

Maman Ihsan:
Allah ya saka da alheri. Zargin Ɗan Farm Centre ne ya tabbata, adireshin kamfanin a kan sabar Gmail yake. An gyara, kwamfuta ɗaya tana turawa. Ta biyun kuma wani gargaɗi take fitarwa kan "certificate", tana tambaya ko a ƙara "exception".

Ɗan Farm Centre:
Kada a danna tukuna. Fara duba agogon kwamfutar, rana da wata da shekara. Takardar shaidar saba tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogo ya koma baya shekaru sai kwamfuta ta ga kamar takardar ba ta fara aiki ba. Tsofaffin kwamfutocin tebur haka suke yi idan ɗan batirin kan allon uwa (motherboard) ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Duk lokacin da aka ɗauke wuta agogo ya rikice. A canza shi, aikin minti biyar ne.

In agogo daidai ne, karanta gargaɗin da kyau. In ya ce sunan bai dace ba, to takardar an yi ta ne da sunan sabar masu haya, ke kuma kin rubuta mail. da sunan kamfaninku. A shiga cPanel, "Email Accounts", a danna "Connect Devices" a gaban adireshin, a kwafi sunan sabar da aka rubuta ƙarƙashin saitin SSL/TLS harafi da harafi. Kwatanta da na kwamfutar da ke aiki ma ya isa. Na uku, wasu manhajojin kashe ƙwayar cuta suna shiga tsakanin manhajar imel da saba su miƙa tasu takardar. A kashe binciken imel ɗinsu na ɗan lokaci a gwada.

Danna "exception" ba tare da sanin dalili ba yana nufin kin yarda ki miƙa kalmar sirri ga duk wanda ke ɗaya gefen, ko da ba sabarku ba ce.

Injiniya Na Zariya:
In ana shakkar ko layin intanet ne ya toshe ƙofa, a buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta Test-NetConnection smtp.gmail.com -Port 587. In ya ce TcpTestSucceeded True, hanya a buɗe take, laifin na saiti ne. In False ne a gwada 465, a kuma gwada da datar waya.

Wace Windows ce a kan ta biyun? In 7 ce, Thunderbird 115 ce ta ƙarshe da ke hawa kanta.

Maman Ihsan:
Windows 10 ce. Agogon ne, shekarar 2012 yake nunawa. An gyara, gargaɗin ya tafi. Saura abu ɗaya: saƙon kamfanin yana fita, amma masu Gmail suna cewa a "Spam" suke ganinsa, wani ma ya dawo da lamba 550 5.7.26.

Baban Sadik:
Wannan ba daga manhaja ba ne, ko me aka taɓa a Thunderbird ba zai gyaru ba. Daga Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta, suna so kowane mai turo saƙo ya zo da shaidar SPF ko DKIM. SPF layi ne a bayanan DNS na sunan kamfanin (rajistar da ke nuna inda sunan yake a intanet) da ke lissafa sabobin da aka yarda su tura saƙo da sunan. DKIM sa hannu ne da saba ke yi wa kowane saƙo. A cPanel akwai "Email Deliverability", zai nuna wanda ya ɓace. In DNS ɗin a wurin masu hayar yake, maɓallin "Repair" ya isa. In a wani wuri yake, kamar kamfanin Cloudflare ko inda aka sayi sunan, sai an kwafi layukan an kai can da hannu. Layin SPF ɗaya tak ake so, mai farawa da v=spf1. In aka sami biyu dukkansu sun lalace, sai a haɗe su. A ba shi 'yan awoyi, sannan a tura wa wani adireshin Gmail, a buɗe "Show original", a ga an rubuta PASS a gaban SPF da DKIM.



Anti Ta Maraɗi:
Masu rubuta wasiƙa da Hausa a tsohuwar Outlook su duba wannan ma. In ƙ da ɗ da ɓ suna isa wurin mai karɓa a matsayin alamar tambaya, a je "File", "Options", "Advanced", can ƙasa a "International options", a mayar da tsarin haruffan saƙon fita zuwa Unicode UTF-8. Thunderbird da shi take turawa dama.

Girman abin liƙawa kuma, Gmail MB 25 yake karɓa a tura. Amma manhaja tana mayar da fayil rubutu kafin ta aika, yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka babban fayil yana iya wuce iyakar wasu sabobin. Irin wannan ne ke zama a "Outbox" ɗin Outlook ya tare na bayansa. A danna "Work Offline" a shafin "Send/Receive", a goge shi ko a ja shi zuwa "Drafts", sannan a koma kan layi.

Abu Hanif:
Wayoyin biyu kuma, manhajar Gmail tana karɓar adireshin kamfani: "Add account", "Other", a zaɓi IMAP, a sa lambobin nan na kwamfuta, a bar alamar "Require sign-in" a shafin sabar fita. In saƙo yana jinkirin shigowa a Tecno ko Infinix, a shiga saitin batiri a cire manhajar daga cikin waɗanda wayar ke kashewa a bayan fage.